Maigida ya ce in babu abin da nake ɓoyewa, me zai sa in kulle waya?

Tambayar da aka aiko: "Shekara shida da aurena, 'ya'yanmu biyu. Ina sayar da atamfa, leshi da turaren wuta ta WhatsApp. Maigida ne ya saya mini wayar. Kwanan nan ya ce kada in ƙara canza lambar sirri ba da saninsa ba, ya kunna abin da ke nuna masa inda nake, kuma sau biyu yana maimaita mini maganar da muka yi da yayata a waya, wadda ban taɓa faɗa masa ba. Da na yi magana sai ya ce mara gaskiya ko a ruwa gumi yake yi. Na kai kuka wurin ƙawata, ta ce feminisanci ne ya fara shiga kaina. Shin an saka wa wayata wani abu ne? Kuma laifi ne don abin yana damuna?"

'Yar'uwa, tambaya biyu kika haɗa, ta wayar ta fi sauƙi, da ita zan fara.

Aikina horar da mata 'yan kasuwa da 'yan jarida kan tsaron waya, kuma kusan duk inda na je sai an sami wadda za ta jira kowa ya watse sannan ta matso. Akwai wadda ba na mantawa. Ta fito da wayar daga jaka a kashe, naɗe da ɗankwali, tana magana ƙasa-ƙasa kamar wayar tana da kunne. Ta ce mijinta ya san duk abin da ta rubuta, ta tabbata ya kai wa wani gwanin kwamfuta an dasa mata wani abu. Muka kunna, muka buɗe WhatsApp, muka taɓa ɗigo ukun nan na sama, muka shiga inda aka rubuta Linked devices. Layi ɗaya ne a wurin: wata kwamfuta, an yi amfani da ita daren jiya ƙarfe 11:40. Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce, "Shi ke nan? Wannan ɗan abin?" Shi ke nan kuwa. Ba ya cin minti ɗaya. Ki shiga wanka ki bar waya a caji, an gama. Da muka duba Gmail ɗinta, ashe yaron shagon da aka sayi wayar ne ya buɗe mata, ya rubuta kalmar sirrin a jikin kwali, ya sa lambar maigida a matsayin wadda za a tura wa saƙo in an manta. Kwalin kuwa yana durowar maigida har ranar.

Ba a nan kaɗai haka take ba. A wani nazari da aka fitar a 2018, masu bincike daga jami'ar Cornell da abokan aikinsu sun zauna da mutum 89 a New York, wasu waɗanda abokan zamansu suka gallaza wa, wasu ma'aikatan da ke taimaka musu. Abin da suka gano shi ne mai bibiyar ba ya buƙatar wata ƙwarewa. Shi ya sayi wayar, shi ya buɗe asusun, ya san ranar haihuwarki da sunan mahaifiyarki, kuma gado ɗaya kuke kwana. Masu ƙera waya sun gina katangarsu ne don ɓarawon da zai zo daga waje, shi kuwa wannan yana cikin gida da mabuɗi a aljihu.

Saboda haka ki fara da WhatsApp ɗin. Yana ba da damar a haɗa na'ura har huɗu da layi ɗaya, tun 2023 ma har wata wayar ana iya haɗawa, kuma duk abin da ya shigo miki yana shiga can, har muryoyin da kuke tura wa juna ke da yaya. Yadda kika ba da labarin, nan na fi zargi. Daga nan ki shiga asusunki na Google, ɓangaren tsaro, ki ga na'urori nawa ne ke ciki da lambar da aka sa ta dawo da asusu. Ki buɗe Google Maps ki ga wa ake nuna wa inda kike. Ki duba zanen yatsa nawa aka yi wa rajista, don waya tana karɓar fiye da ɗaya, kuma mata da yawa suna ta canza lambar sirri alhali yatsan wani na ciki. Sai layin kansa: da NIN ɗin wa aka yi masa rajista? Tun da aka tilasta haɗa layi da NIN a ƙarshen 2020, wanda sunansa ke kan layi shi ne mai layi. Zai iya zuwa ofishin kamfani ya ce ya ɓace, a yi masa welkom bak, daga nan lambobin da banki ke turo miki wurinsa za su riƙa zuwa. Ga 'yar kasuwa wannan ya fi karanta hira haɗari. Lambar nan ta *#21# da ake ta yawo da ita a guruf-guruf wai tana nuna ko ana sauraren waya, ƙarya ce. Karkatar da kira zuwa wata lamba kawai take nunawa.

Akwai manhajojin leƙen asiri na gaske. Ana tallarsu da sunan kula da yara ko ma'aikata, a saka su a ɓoye, ba alamarsu a allo, suna kwashe saƙonni, hotuna, kira da wurin da mutum yake. Kamfanin Kaspersky, mai yin manhajar tsaron waya da kwamfuta, ya ce a 2023 ya gano irinsu a wayoyin mutum sama da 31,000, wannan kuma a cikin masu amfani da kayansa kaɗai. A Android yawanci sai an kashe Play Protect, mai gadin da Google ya sa don kama miyagun manhajoji, kafin a saka su, sannan su laɓe a ɓangaren Accessibility ko Device admin da wani suna mai kama da na tsarin waya. In kin ga Play Protect a kashe kuma ba ke kika kashe ba, ruwa ba ya tsami banza. Abin da maza masu saka irin wannan ba su sani ba shi ne, hotunan matar ba wayarsu suke fara zuwa ba, rumbun kamfanin suke zuwa, kuma rumbunan nan kamar kwando suke. An fasa na mSpy, ɗaya daga cikin irin waɗannan kamfanoni, a 2015, bayanansa sun sake fita a 2018 da 2024. LetMeSpy ya rufe a 2023 bayan an yi masa kutse, pcTattletale ma haka a 2024. A 2021 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta haramta wa mai SpyFone wannan sana'a baki ɗaya. Wato mutumin da kishi ya hana shi barci don kada wani ya ga matarsa, shi da kansa ya biya kuɗi aka kwashe hotunanta na cikin ɗaki aka ajiye a hannun wasu ƙatti da bai taɓa gani ba.

Abu ɗaya kafin ki taɓa komai: in kin ga wani abu, kada ki yi saurin gogewa. Za mu dawo kan dalili.

Yanzu tambayarki ta biyu. Ƙawarki ta jefe ki da kalmar feminisanci ne don ta rufe miki baki, kamar yadda ake yi a Facebook. Ni kuwa zan buɗe kalmar, don masu nazarin haƙƙin mata sun daɗe suna tunani a kan ainihin abin da ke damunki, kuma ba sai kin yarda da duk abin da suke faɗa ba kafin ki amfana da tambayoyinsu. Tambayarsu a nan gajera ce: wa ke kallon wa, kuma wanda ake kallo yana da ikon cewa a'a?

A 1791 wani Bature, Jeremy Bentham, ya fitar da tsarin wani gidan yari mai zagaye, da hasumiya a tsakiya. Mai gadi yana ganin kowane fursuna, fursuna ba ya ganin mai gadi, bai ma san ko akwai kowa a hasumiyar ba. Hikimar ita ce ba sai an tsaya ana kallonsa ba, shi zai riƙa gadin kansa. Michel Foucault, wani masani Bafaranshe, ya ɗauko wannan a 1975 ya ce haka iko ke aiki a makarantu da barikoki da masana'antu, sai Sandra Bartky, mai nazarin haƙƙin mata, ta zo a 1988 ta ce ai mata sun fi kowa sanin hasumiyar nan, don tun suna yara ake koya musu su riƙa kallon kansu da idon wani. Bar batun Turawa, ki tambayi kanki: tun ranar da maigida ya maimaita miki maganarku da yaya, saƙo nawa kika rubuta kika goge kafin ki tura? Sau nawa wani mai sayen atamfa ya ce "na gode Hajiya, Allah ya saka" kika ji gabanki ya faɗi, kina tunanin yadda za a karanta shi? Sau nawa kika fasa tambayar ƙawarki ma'aikaciyar asibiti wani abu da ke damunki a jiki? Ba abin da kika yi, amma kin fara zama kamar mai laifi. Wannan shi ne ɓarnar, kuma tana faruwa ko da bai sake buɗe kwamfutar ba har abada.

Shi ya sa karin maganar da ya kawo miki ba ta shiga nan. Mara gaskiya yana gumi, haka ne, amma mai gaskiya ma yana rufe ƙofar bayi. Bahaushen da ya yi waccan shi ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sannan rabin abin da ke wayarki ba naki ba ne. Yayarki da ta faɗa miki matsalar gidanta, ke ta faɗa wa, ba mijin ƙanwarta ba. Matar da ta karɓi leshi bashi ta roƙe ki kada kowa ya ji, ba ta ƙulla da maigidanki ba. Akwai hadisi a Abu Dawud da Tirmizi cewa in mutum ya faɗi magana sannan ya waiwaya, to amana ce. Duk wanda ya ba da lambar wayarsa, amanar mutum ɗari ya ba da.

Na san abin da maza masu karanta wannan za su ce: mata fa? Gaskiya ne. Ban taɓa yin horo ba tare da wata ta tambaye ni yadda za ta buɗe wayar mijinta ba, har da masu lallaɓa yatsansa yana barci. Yawanci maganar ƙarin aure ce, tana so ta sani kafin ta ji a bakin 'yan unguwa an kai lefe. Ina faɗa musu abin da nake faɗa wa maza, leƙe leƙe ne, kuma garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Amma ki duba abin da ke biyo baya. Mace ta ga abin da ba ta so a wayar miji: kuka, gaba, in ta yi tsanani yaji, iyaye su ce ki yi haƙuri ki koma ɗakinki. Namiji ya ga abin da bai gane ba a wayar mata, ko da gaisuwar ɗan ajinsu ce na sakandare: ana iya ƙwace wayar, a hana sana'ar, a kira iyayenta a karanta musu, takarda ta biyo baya, sannan zancen ya bi ta har gidan aure na gaba. Aikin iri ɗaya, hukuncin ba ɗaya ba. Kuma shi in ya ce "kada ki ƙara taɓa mini waya" magana ta ƙare. Ke in kika faɗi haka, magana ta fara kenan. Wannan bambancin shi ne duk abin da masu nazarin nan ke nunawa. Wanda ba zai iya cewa a'a ba tare da ya rasa wani abu ba, "to" ɗinsa ba yarda ba ce.

Akwai wani wuri da suka yi tunani mai zurfi wanda nake ganin ya fi shafarmu. Da farko wasunsu, irin su Catharine MacKinnon, ba su yarda da maganar sirri ba sam, don sun ga da sunan "sirrin gida" ake rufe duka da zagi, hukuma ta ce ba ta shiga tsakanin miji da mata. Mu ma mun san wannan: ki rufa wa aurenki asiri, kada ki fitar da maganar ɗaki. Sai wasu irin su Anita Allen suka ce matsalar ba sirrin ba ce, matsalar ita ce na wa ne. An ba gida sirri, ba a ba matar da ke cikinsa ba. Ki lura da yadda abin ya kasance a wurinki. An ce kada maganar gidanku ta fita waje, sannan an ce ke kuma ba ki da maganar da za ta tsaya a cikinki. Ƙofar waje a rufe, ta ɗakinki an cire. In wata rana wani abu ya same ki a gidan, Allah ya kiyaye, wayar da za ki kira yaya da ita ita ce ake karantawa.

Kuma wannan cire ƙofa ba al'adarmu ba ce, a nan nake saɓa wa masu cewa Turawa ne suka kawo mana maganar. A gidan Bahaushe ɗakin mace nata ne. Gado, kwanuka, akwati, duk abin da aka yi mata jere da shi nata ne, in aure ya mutu da motar kwasar kaya ake zuwa. Namiji mai mutunci ba ya buɗe akwatin matarsa, ba ya leƙa tukunya, ba ya tambayar nawa ta zuba a adashi. Wanda ke yi kuwa har suna gare shi a unguwa, ba kuma mai daɗi ba. Ko a zamanin da kulle ya fi ƙarfi, mata suna da hanyarsu. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta rubuta yadda mata ke juya hatsi da kuɗi daga cikin gida ba tare da sun taka kasuwa ba, ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Wata mai binciken kuma, Enid Schildkrout, ta nuna a Kano a shekarun 1970 cewa yara ne ƙafafun wannan ciniki: su kai talla, su karɓo bashi, su kai saƙo gidan ƙawa. Kakanninmu ba su tsare yarinya a zaure suna cewa "faɗa mini abin da uwar ɗakinki ta aike ki da shi" ba. Yau wayar ce 'yar aiken, ita ce farantin talla, ita ce asusun, ita ce akwatin. Wanda ya ce zai riƙa buɗe ta kullum ya nemi abin da kakansa mai kulle bai nema ba.

Addini kuwa bai bar wurin kwana-kwana ba. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana yawan zato, ta ce kada ku yi tajassusi, kuma ba ta ce ban da miji ba. A Sahih Muslim, Jabir ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya faɗo wa iyalinsa da dare yana tuhumarsu ko yana neman kurakuransu. Ki dubi hadisin da kyau, ai maganar miji da mata ce kai tsaye. A Abu Dawud kuma akwai na Mu'awiya, cewa in ka bibiyi aibin mutane za ka lalata su, ko ka kusa. Na ga wannan da idona: matar da ba ta taɓa ɓoye komai ba, bayan wata shida ana bincikenta ta sayi ƙaramar waya ta ɓoye a buhun shinkafa, don kawai ta yi magana da mahaifiyarta a sake. Maganar "ni na saya" ma ba ta tsayawa, don kyauta in an ba da ta zama ta wanda aka ba, kuma kin san abin da aka kamanta mai karɓe kyautarsa da shi.

Ta fuskar doka, sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ambaci sirrin gida, wasiƙu da maganar tarho. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga na'urar wani ko tare saƙonninsa ba da izini ba, ba ta kuma ware ma'aurata ba. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ake kira VAPP, ta sa bibiyar mutum da cin zarafinsa ta hanyar tsoratarwa a cikin laifuka, jihohi da dama sun amince da irinta. A Ingila da Wales tun 2015 juya abokin zama ta hanyar takura da sa ido laifi ne mai ɗaurin da zai iya kai shekara biyar. Saudiyya ma, wadda ba wanda zai ce feminisanci ya shiga kanta, ta sanar a 2018 cewa leƙa wayar miji ko mata a ɓoye na iya jawo ɗaurin shekara ɗaya da tarar riyal 500,000. Ba cewa nake ki kai maigida kotu ba. So nake ki san abin da kike ji a ranki yana da suna a littattafan shari'a.

Saudiyyar nan dai ita ce ke da manhajar gwamnati mai suna Absher, wadda a lokacin waliyyi ke iya ba mace izinin fita ƙasar ko ya janye daga wayarsa, har aka yi ta cece-kuce a farkon 2019, kafin a watan Agustan shekarar a ba matan da suka kai shekara 21 damar yin fasfo da tafiya da kansu. A Indiya, wani ƙauye mai suna Suraj a jihar Gujarat ya hana 'yanmata marasa aure riƙe waya a 2016, tarar rupi 2,100, wanda ya kawo rahoto a ba shi 200. Samarin ƙauyen ba wanda ya taɓa tasu. A wani nazari da aka fitar a 2018, wasu masu bincike sun tattauna da mata 199 a Indiya, Pakistan da Bangladesh, suka tarar da yawansu suna ganin ba su da hurumin hana miji ko ɗan'uwa waya, sai dai su yi dabara, su kulle manhaja, su goge hira, su miƙa wayar da murmushi. Da na karanta sai na ga kamar a unguwarmu aka yi.

Kada kuma ido ya tsaya kan maigida kaɗai. Mata da yawa suna amfani da manhajar lissafin al'ada, wasu don sallah da ramuwar azumi. A 2021 hukumar nan ta kare masu sayayya ta Amurka ta tuhumi Flo, ɗaya daga cikin manyansu, da miƙa bayanan lafiyar mata ga kamfanoni irin su Facebook da Google bayan ta yi alkawarin ba za ta yi ba. Ga manhajojin bashi da ke kwashe lambobin wayarki, ki yi jinkirin kwana biyu su tura wa surukai da malaman Islamiyyar 'ya'yanki cewa ke ɓarauniya ce. Sai a 2023 Google ya hana su taɓa lambobi da hotuna. Sun san kunya ta fi cin mace, da ita suke karɓar kuɗinsu.

Duk da haka ba na cikin masu cewa aure zaman 'yan haya ne, kowa da ƙofarsa. Akwai ma'auratan da lambar wayarsu ɗaya ce, ba wanda ya damu, don ba wanda ke bincike. Ni kaina in zan bi hanyar Kaduna zuwa Abuja sai na tura wa maigidana inda nake, a ƙasar da ake tare hanya wannan hankali ne. Amma ni na kunna, WhatsApp ya tambaye ni minti 15, awa ɗaya ko awa takwas, na zaɓa, in na sauka ya mutu, kuma in shi ne a hanya haka yake yi mini. Naki an kunna miki ne, ba ranar kashewa, kuma ke ba kya ganin nasa. Ki gwada wannan ma'auni a kan kowane abu da ya nema: kin sani, kina iya janyewa, kuma yana tafiya ta ɓangare biyu?

Yanzu dalilin da ya sa na ce kada ki yi saurin gogewa. Da zarar kin cire kwamfutar daga WhatsApp, zai gani a ranar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ke kika san mijinki. In mutum ne da zato ya ɗebe shi amma ana iya zama da shi a yi magana, to ki fara da maganar kafin ki taɓa wayar. Ba da dare yana gajiye ba, ba kuma a gaban yara ba. Kada ki fara da "haƙƙina", ki fara da tambaya: "Abban yara, me ka gani ko me ka ji da ya sa ka fara wannan?" Sau da yawa akwai wani abu a ƙasa, wani aboki ya zuga shi, ko cinikinki ya fara kawo kuɗin da ya tsorata shi, ko wani mai saye da ke kira bayan isha'i. Na ƙarshen yana da magani mai sauƙi, ki raba layin kasuwa da na gida, ki sa lokacin rufe shago. Ki faɗa masa a fili cewa in yana da tambaya ya yi miki, za ki amsa, amma maganar yaya da ta masu bashi amana ce da ba ki da ikon bayarwa. In abin ya ƙi, a sa babba, wanda shi yake jin nauyinsa, kawunsa ko malaminsa, ba wanda zai ce miki ki yi haƙuri tun kafin ki gama magana ba.

In kuwa binciken yana tafe da wasu abubuwa, yana ƙwace kuɗin cinikinki, ya raba ki da 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya, yana tsare ki da tambaya kan kowane minti da taswira ta nuna, ya taɓa ɗaga miki hannu ko ya yi barazanar watsa hotunanki, to lissafin ya canza. Masu aiki da matan da ake gallaza wa sun san cewa lokacin da mai takura ya ji abin yana kuɓuce masa shi ne lokacin da ya fi haɗari. A irin wannan hali ki bar komai yadda yake. Ki ɗauki hoton allon da wata wayar, ba taki ba, yadda kwanan wata zai fito. Maganar da ta shafi tsaronki ki yi ta baki da baki ko da wayar wata da kika amince da ita, ki sanar da wani namiji a danginku da zai iya tsaya miki, ki kuma nemi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, suna da rassa a jihohi.

Ko wanne ne daga ciki, akwai abin da ya kamata ki mallaka, a hankali ba da hayaniya ba. Layi da NIN ɗinki. Asusun banki da lambar da ke hannunki. Sabon Gmail da kika buɗe da kanki, da kalmar sirrin da ba sunan ɗanki ko shekarar aurenku ba. A WhatsApp ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, lamba shida ce, ita ke hana a ɗauke miki asusu ko an sami layinki. In waya ta lalace, ki tsaya a kan mai gyara, ko ki cire katin ajiya da layi kafin ki bar ta, don hotuna da yawa da suka yi yawo a gari daga teburin gyara suka tashi.

Matar nan mai ɗankwali ba ta cire kwamfutar a ranar ba. Ta ɗauki hoton allon da wayata, na tura wa ƙanwarta, ta mayar da tata cikin jaka a kunne. Bayan kusan wata biyu ta kira ni da wata lamba, ta ce an zauna da yayan mijin, an cire, layin ma an mayar da shi sunanta. Sai ta tambaye ni ko akwai yadda za a yi ta ga wa mijin ke hira da shi da dare. Na ce mata babu, ta yi dariya ta ce ta san akwai.